Takalman da Inna Dije ta Kai wa Baduku

Da sunan Allah Mai rahama nake farawa, Shi da Ya san abin da ƙirji ya ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu.

Mutanen unguwarmu, Gidan Igwai, da sanda suka san mijina. Dogon tsoho mai farin gemu, yana bin gefen kwalta a hankali zuwa masallaci, masu keke napep su rage gudu su ce, "Baba Malam, a kai ka?" Shi kuma ya ɗaga musu hannu ya ce ƙafa ba ta gaji ba tukuna. Da Allah Ya yi masa cikawa bara waccan, masu gaisuwa sun faɗi alherinsa da yawa. Wani ya ce shi ya koya masa baƙi da wasali a firamare, wani ya ce bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ina zaune cikin takaba ina sauraro ta bayan labule, ban ji ko mutum ɗaya ya ce ya taɓa gudu ba. Waɗanda suka ga gudunsa a fili duk sun riga shi tafiya. Shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake bokona bai wuce aji huɗu ba. Mai karatu ya yi haƙuri da ni.

Sunansa Abdulwahabu. Na rubuta sau ɗaya don a sani, amma bakina bai saba da shi ba. Malam nake ce masa, haka kuma zan ci gaba.

An haife shi a cikin garin Sakkwato, a wani lungu da ke bayan rumfunan dukawa, inda warin fata ke bin mutum har shimfiɗa. Mahaifinsa ƙaramin malami ne mai 'yar gonar shinkafa a fadama, ya rasu tun Malam bai gama sake haƙora ba. Sai ya rage shi da mahaifiyarsa, Inna Dije, mai sayar da fura. Shi ne ɗanta na fari, waɗanda suka biyo shi kuwa ba su tsaya ba.

Yaran yanzu sai an yi musu bayanin kunyar ɗan fari, don sun tashi sun ga uwa tana rungume ɗanta a bakin titi. Inna ba ta taɓa kama sunan Malam ba, ba ta kuma duban fuskarsa in tana magana. In za ta aike shi sai ta fuskanci turmi ta ce, "A ce ma wanga yaro shi ɗebo ruwa," alhali babu kowa a gidan sai su biyu. In ya faɗi ya fasa baki, maƙwabciya ce ke rarrashinsa, ita tana can tana daka, sai dai a ji taɓaryar ta sauya sauti. Haka ya tashi, bai san yabonta ba, bai san hannunta a kansa ba, bai kuma ɗauki hakan ƙiyayya ba, don kowane ɗan fari a lungun haka yake.

Gudu kuwa da shi ya zo duniya. Da gudu yake kai wa kawunsa abinci fadama, ya iske kunu bai huce ba. A wasan langa ba a son ya zama ruwa, wato wanda ake bi, don ba a kama shi. Kokawa ce kaɗai ba ta karɓe shi sosai ba, ƙafafunsa sun yi tsawo, ana kama ɗaya shi ke nan. Saboda ƙafafun nan ne abokansa suka sa masa Zalɓe.

Yana cikin yaran farko na lungunsu da suka shiga kwalejin horon malamai. Ya gaya mini yadda aka gano shi. Ya makara wata safiya, an rufe ƙofa, sai ya ja baya ya tsallake shingen makarantar da littattafansa a hammata. Ashe Baturen da ke kula da wasanni yana tsaye gindin itacen dogon yaro yana kallo. Malam ya ɗauka bulala ce. Baturen ya ce ya koma waje ya sake tsallakowa, ya kuma sake, sa'an nan ya ce gobe da la'asar ya same shi a fili.

Daga ranar babu wasan da ba a saka shi ba. Yana gudun gajere, yana gudun zagaye ɗaya na fili, wanda shi ya fi so, yana dogon tsalle da tsallen sanda. A ƙwallon ƙafa gefen dama yake bi, ya ce ba wata gwaninta ce da shi ba, sai dai ya tura ƙwallo gaba ya bar mai tsaron sa yana neman numfashi. Ya yi ƙwallon gora, har yana da tabon gora a ƙwaurinsa na hagu da ya tafi kabari da shi. Akwai kuma wata ƙwallon bango da suke bugawa da tafin hannu cikin wani ɗaki marar rufi, wadda in ya fara ba ni labarinta ba na gane komai, sai dai in ga fuskarsa ta koma ta yaro. Jifan mashi ne kawai aka hana shi, tun ranar da ya kusa tsire jakin mai kawo wa makaranta itace.

Duk wannan da ƙafa ƙasa ya yi, shi da sauran yaran. Ƙasar Sakkwato da tauri, tafin ƙafarsa kuma ya fi ta. Ko bayan aurenmu na sha cire masa ƙaya da allura, in tarar ta karye a fata ba ta kai nama ba.

Dattawan lungu ba su ji daɗi ba. Ɗan malam da gajeren wando yana tsere kamar wanda kare ya biyo, ina mutunci a nan? Inna ba ta tanka wa kowa ba. Amma ranar wasannin kwaleji ta kowace shekara sai ta ɗauki ƙwaryar furarta ta yi tafiya mai nisa ta je ta zauna a bayan shingen fili, wai ciniki ya fi a can. Tana ba fili baya. Tana dama fura tana jin ɗaruruwan baki suna "Zalɓe! Zalɓe!" ba ta juyawa.

A shekararsa ta ƙarshe aka zaɓe shi, shi da wani abokinsa Badaru, su je Kaduna gasar makarantun Arewa. Ukun farko a kowane gudu za a wuce da su Ikko, wato Legas. Baturen ya ba kowannensu takalman gudu, irin masu ƙusoshi a ƙasa da ke kama ciyawa, ya ce filin Kaduna ba irin namu ba ne, ga shi damina ta sauka. Ya ba su kwana biyu su je gida su yi sallama. Malam ya rataye nasa a ɗaki, ya wuce fadama gaida kawunsa.

Inna ta shiga shara ta ga takalma. Ta sauke, ta juya su, ƙusa ta soke ta a yatsa. Abin da ya zo mata shi ne an ga maraya an ba shi na banza, waɗanda aka buga wa ƙusa ta fito ta baya. Da wannan zai taka tabarmar manya? In kuma suka juya ciki suka huda masa ƙafa fa? Ta yafa zane ta nufi rumfar Sule baduku. Sule ya duba, ya girgiza kai, ya ce aikin kanti ke nan, sai gaggawa. Ya sa awartaki ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ya yanko jar fatar akuya mafi kyau da yake da ita, ya ɗinka musu sabon tafi, ya goge har yana ƙyalli, ya yi musu ɗan ado na koren zare a dunduniya. Inna ta naɗe su a tsumma mai tsabta ta tura can ƙasan akwatin ɗanta.

Da safen tafiya ya ɗauki akwati, ya durƙusa a tsakar gida. Ta juya ta fuskanci bango, ta ce, "A hwaɗa ma wanga yaro na gyara mai takalminai. Kas shi tsaya gaban manya ƙahwa ƙasa awa wanda ba shi da uwa."

Ya ce, "To, Inna."

Ya zaci goge su ta yi. Ya ce mini tun daga nan har Gusau, inda suka shiga jirgin ƙasa, maganar nan ce ke masa yawo a kai. Bai taɓa jin ta kira kanta uwarsa ba sai ranar.

A Kaduna ruwa ya kwana yana zuba. Baturen bai samu zuwa ba, zazzaɓi ya kwantar da shi, malamin da ya rako su kuwa na tarihi ne, bai san kan wasa ba. Malam ya buɗe tsumma a bakin fili. Badaru ya leƙa, ya fashe da dariya har ya zauna a laka, sa'an nan dariyar ta tsaya. Suka zaga neman aro, babu mai ƙafa irin tasa.

Badaru ya ce, "Zalɓe, aje su. Ka yi da ƙahwakka, ai da ita ka saba. Wanga abu santsi za shi kwashe ka."

Malam ya ce, "Na sani."

"To mi kaka jira?"

"Na ce mata to."

"Tana Sakkwato! Wa za shi hwaɗa mata?"

Malam ya zauna ya ɗaure igiya.

A dogon tsalle ƙafarsa ta zame a kan katakon tashi. A gudun zagaye ɗaya shi ne a gaba tun daga tashi, yana ɗan taka-tsantsan a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, har suka zo kwanar ƙarshe. Nan fatar ta kwashe shi. Ya faɗi da ƙirji, ya tashi, ya bi su, ya wuce wasu, amma fili ya ƙare. Ya zo na huɗu. Na uku Badaru ne, shi aka wuce da shi Ikko.

Da ya dawo gida ya durƙusa a inda ya durƙusa ran tafiya, ya ce wa iska an gama lafiya, ya zo na huɗu, kuma mutane sun taru suna kallon takalman. Wannan ba ƙarya ba ce, sun taru. Inna ta ce a ce masa akwai tuwo a rufe. Daga baya aka ji ta tana gaya wa maƙwabciya, murya ƙasa-ƙasa, wai na huɗu a Arewa duka.

Wata damar ba ta zo ba. Ya gama kwaleji, aka tura shi koyarwa wani ƙauye, yaƙin basasa ya zo aka daina zancen wasa, kafin a dawo da shi kuma wasu yaran sun taso. Ya yi ta koyarwa daga wannan firamare zuwa waccan. Duk inda ya je sai ya share fili, ya ja layi da toka, ya kafa sanduna biyu ya gitta kara, ya koya wa yara tsalle. Ya buga wa ƙungiyar malamai ƙwallo har gwiwa ta fara yi masa gardama. A cikin shekarun nan aka ɗaura mana aure.

Na iske takalman a ɗakin Inna, cikin tsummansu, a kan jeren kwanoninta. Tsufa ya ɗan sassauta mata kunya, ba dai a gabansa ba. In muna tsince shinkafa sai ta ce, "Sadiya, sauko da kayan nan." Ta juya su a hannu, ta ba ni labarin yadda aka so a cuci maraya, da yadda Sule ya zare ƙusoshin, da yadda aka taru ana kallo a Kaduna. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, 'ya'yana ma sun ji.

Ni ce mai shafa musu mai kada fatar ta tsage. Wata rana na sa hannu ciki, na ji gurabun ƙusoshin a jere, daidai da juna a kowace ƙafa, kamar an auna. Na ce a raina, abin da aka yi bisa kuskure ba ya jeruwa haka. Na jira har ran da Inna ta tafi suna, na kai wa Malam abincin rana, na tambaye shi. Ya daɗe yana kallon tuwon. Sa'an nan ya ba ni labarin Kaduna kamar yadda na rubuta shi a sama, bai ƙara ba, bai yi kukan komai ba.

Na ce, "Da ka cire su, da ka ci?"

Ya ce, "Allah Shi as sani." Ya wanke hannu, ya dube ni. "Sadiya, abu guda ta taɓa yi min a hili tun da aka haihe ni. Wagga magana ta tsaya tsakanina da ke. In taj ji, ban san ina za ta sa kanta ba."

Tun daga ranar na zama mai gadi. In yara suka dawo makaranta da zancen wasanni, sai in aike su. In Inna ta fara labarin, Malam kuma yana tsakar gida yana alwala, sai in ga bayansa ya tsaya cak har ta gama.

Ni ban taɓa ganin sa a fili ba, wannan ne abin da ya tsaya mini a rai har yau. Na auri mutum mai tafiya a hankali, mai naɗe riga in zai zauna. Sau ɗaya tak Allah Ya nuna mini Zalɓe. Mun riga mun dawo Gidan Igwai, lokacin gidaje tsilla-tsilla ne, bayanmu duk gonakin gero. Jajibirin babbar Salla ragon layyarmu ya tsinke igiya ya fice. Yara suka bi shi da ihu, ya ba su rata. Malam na zaure da baƙo. Sai na ga ya fito, ya tuɓe takalmi, ya tattare rigarsa ya cusa a wando. Na leƙa ta kafar zana. Ban san mutum na iya gudu haka ba, babu hayaniya, babu wahala, kansa a tsaye kamar yana ɗauke da ƙwaryar nono, ƙafafun kawai ke aiki. Akwai wani kwazazzabo da ruwa ya ci a bayan gidan, rago ya zagaye, shi ya bi ta sama. Ya dawo riƙe da ƙaho, yana haki yana dariya, yara na tsalle. Da ya hango ni sai ya saki rigarsa, ya gyara hula, ya koma Malam. Na waiwaya, na ga Inna ita ma tana jikin zanar, ta wata kafar. Da ta ga na gan ta sai ta ce kaza take nema.

Shekaru suka ja. Wata ranar Juma'a bayan an sauko, mota ta tsaya a ƙofar gida, wani ƙaton mutum ya fito yana sallama da murya kamar ta mai shela. Badaru ne. Ya yi aikin hukumar wasanni a Kaduna da Ikko, har ƙasashen waje ya je, yanzu ya aje aiki ya zo ganin gida.

Ina jin su daga zaure.

"Zalɓe! Ina ƙahwahun?"

"Suna nan inda ka bar su. Kai ina wuyanka yat tahi?"

"Na cinye shi. Tashi mu gwada daga nan zuwa masallaci, in ba ka rata."

"Ka hwara gwada tashi daga tabarmar ga tukuna."

Suka yi ta yi, ina dama fura ina murmushi, don ban taɓa jin wani ya yi wa Malam irin wannan wasan ba. Sai na ji Badaru ya ce zai shiga ya gaida Inna. Ludayin ya tsaya a hannuna.

Ya shigo ya durƙusa da ƙyar a bakin ƙofarta, Malam na gefensa. Lokacin idonta ya yi rauni. Suka gaisa, ta tambayi iyali, ta ce ashe shi ne abokin tafiya Kaduna. Sa'an nan ta ce, "Sadiya, sauko da kayan nan."

Babu yadda zan yi. Na ajiye kwanon fura, na sauko da su, na buɗe tsumman.

Badaru ya tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Su na! Wallahi su na! Inna, kin san takalman ga su sunka kai ni Ikko?"

Ta ce, "Ƙaƙa hakanan? Ai ba kai kas sa su ba."

"Ai shi as sa na tahi! Da wanga mutum ya..."

Malam ya ɗora hannunsa a kan ƙafar Badaru, ya danna. Ina tsaye ina ganin jijiyoyin hannun. Badaru ya dube shi, ya dube ni, ya dubi tsohuwa. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa.

Ya gyara murya ya ce, "Nuhina, Inna, ni a bayansu nike. Tun daga tashi jar hwatar ga nika kallo tana walƙiya, na ce ba ni barin ta ɓace min. Ita taj ja ni."

Inna ta shafa koren zaren da babban yatsa. Ta ce, "To. Allah Shi yi muku albarka. A ba baƙo hura."

Da za su rabu a ƙofar gida babu wasa kuma. Na ji Badaru ya ce, "Har yau?" Malam ya ce, "Har yau."

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Malam na makaranta, ina zaune ina shafa wa Inna man kaɗe a ƙafa. Sai ta ce, "Abokin nan nai bai iya ƙarya ba."

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Wace ƙarya, Inna?"

"Bari, Sadiya. Ke ma ba ki iya ba, shiru kawai kika iyawa." Ta janye ƙafar. "Yaron da bai taɓa hwaɗuwa wurin gudu ba ya dawo min da gwiwa a saɓule. Na gani, na ce ko tsautsayi na. Bayan yaƙi sai nij ji an koma wasanni, niɗ ɗauki ƙwaryata nit tahi inda ni saba zama. Ba shi nan, to wa zan ji ma kunya? Nij juya. Ranar kaɗai nij juya. Sai ga yara suna wucewa ta gabana, kowa da ƙusoshi a ƙahwa suna tona ƙasa."

Kaji na ta tsattsaga a gindin turmi.

Na ce, "Amma Inna, kina ta ba mu labarin."

"In na bari, ai ya gane. Shi ya ɗauki kayanai shina tahiya da su don kad in ji. In sauke mai su in ce mi? In ce wahalar banza kay yi?" Ta miƙo mini ɗaya ƙafar. "Kak ki hwaɗa mai. Amana ta."

Haka na zauna a tsakaninsu, kowa ya ba ni ajiyarsa. Ta ci gaba da cewa a sauko da kayan nan, shi ya ci gaba da tsayawa cak a wurin alwala, ni kuma ina shafa wa takalma mai. Sau da yawa na kai goshina ƙasa na roƙi Allah Ya sa ɗayansu ya buɗe baki, ko sau ɗaya su dubi juna su yi dariya ko su yi kuka. Bai ƙaddara ba. Inna ta rasu da damina, kanta a cinyata, shi yana bakin ƙofa yana karanta mata Yasin. Ko a ranar ba ta kama sunansa ba. Ta ce, "A ce ma wanga yaro na yahe mai, shi ma shi yahe min." Ya ce babu abin da ta yi masa.

Bayan ta, na yi ta auna maganar. Ta ce kada in faɗa, ba ta ce sai bayan ranta ba. Na bari.

Malam ya aje aiki, gwiwa ta kai shi ga sanda. Unguwa ta cika, kwazazzabon nan an cike shi an yi shaguna a kai. Ɗanmu Ja'afar ya sayo mana talabijin, in ana nuna tsere sai Malam ya ce a bar nan. Ba ya magana, ba ya goyon bayan kowa. Ni ƙafarsa nake kallo. In masu gudu suka zo kwanar ƙarshe sai in ga yatsunsa sun kama tabarma.

A ciwonsa na ajali, wata la'asar, na shimfiɗa masa a inuwar dogon yaron tsakar gida don ɗaki ya yi zafi. Ya ce in ɗauko takalman. Na zaci sawa zai gwada, ga ƙafa ta kumbura. Ashe riƙewa kawai zai yi. Ya juya su, ya shafa tafin, ya ce Sule ya iya aiki, dubi ɗinki har yau bai saki ba. Ya ɗora su a ƙirji. Can ya ce, "Ban je Ikko ba, Sadiya. Amma ko ba komi, Inna tat tahi ba ta sani ba."

Maganar ta zo mini har bakin haƙora. Ina so ya san ta juya. Ina so ya san ta ɗauki nata kayan saboda shi, kamar yadda ya ɗauki nasa saboda ita, har ma ranar rago ta leƙa. Na dubi fuskarsa, na ga yadda ta kwanta da ya faɗi haka. Ban iya cewa haka ne ba, don ba haka ba ne, ga shi kuma mutum a bakin tafiya.

Na ce, "Allah Shi jiƙan ta."

Ya ce, "Amin," ya lumshe ido.

Yanzu su biyun sun je inda ba a ɓoye komai, shi ya sa na ga babu laifi in na rubuta. In da laifi, Allah Ya yafe mini. Takalman suna ɗakina, a kan jeren kwanonin da Inna ta bar mini. Akwai makaranta a bayan layinmu, in lokacin wasanninsu ya zo ina jin usur da ihun yara har tsakar gida. Nakan yafa mayafi in je in tsaya jikin shinge in duba, ko zan ga wani mai dogayen ƙafafu yana gudu kansa a tsaye. Ban gani ba tukuna.

Allah Ya haskaka kabarinsu, Ya sada ɗa da uwa a inda za ta kira shi da sunansa, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.